Kada Ki Tayar da Zarƙa Sai Na Zo

Ain Lauz, Biƙa, Labanan
3 ga Yuli, 1994

Yaya Talal,

Gaisuwa daga ni da Baba. Ina fata zafin Dammam bai ƙarasa gasa ka ba. Ni lafiyata ƙalau. Baba kuwa idanun sun tafi gaba ɗaya tun bayan azumi, ƙafar hagu ma sai ya ja ta, abinci kuma sai na yi da gaske yake cin cokali uku.

Kada ka ɗauka kewarka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kakanka da kakana ciki ɗaya suka fito, kai da yayana Adib kuma tare kuka tashi kamar tagwaye, amma da zuciyarsa ta tsaya bara, layi huɗu ka aiko mana na ta'aziyya. Na ƙirga su. Mu bar wannan.

Maganar motarsa ce, Zarƙa. Tun ranar da aka binne shi tana rumfa, lulluɓe da tsohon bargo. Shekaranjiya ina ba Baba gahawa sai ya ce, "Nuhad, gidan nan ya cika shiru." Na ce in kunna rediyo? Ya ce, "Rediyon me? Motar yaron nan nake so in ji. A da tun yana kwanar masallaci nake sanin ya dawo." Ka san Baba bai iya roƙo ba. A shekara guda, wannan ne abu na farko da ya nema a wurina.

Na ce bari in kira makanike daga Jib Jannin. Ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce, "Hannu huɗu ne suka san cikin injin nan. Biyu suna kabari, biyu suna Saudiyya. Baƙo ba zai taɓa ta ba." Na ce, to nawa hannun fa? Ya ce, "Naki na gida ne."

Saboda haka ka rubuto mini abin da zan yi, ɗaya bayan ɗaya. Wadda take koya wa 'yan mata arba'in lissafi kullum ba za ta kasa riƙe sifana ba. Wayar ƙauyen nan har yau ba a gyara ta ba tun yaƙi, sai ka ba Abu Shauƙi direban babbar mota amsa idan ya sauke kayan lambunsa a Dammam zai juyo. Na ba shi zaitun ya kawo maka, ko da yake ba ka cancanta ba.

Ƙanwarka,
Nuhad

Dammam
22 ga Yuli, 1994

Ƙanwata Nuhad,

Wasiƙarki ta same ni lafiya, zaitun ma ya iso, sai dai Abu Shauƙi ya rage masa nauyi a hanya. Ki sumbaci hannun Baffa Abu Adib a madadina. Allah ya ba shi sauƙi.

Layi huɗun nan kin yi gaskiya. Na rubuta shafi uku na yaga. Ban iya ba, shi ke nan.

Ki san wadda za ki taɓa. Zarƙa BMW ce ƙirar 1973, muka jawo ta daga wurin 'yan gwangwan a Zahle ana tsakiyar yaƙi, kaji na kwana a cikinta. Mitar tafiyarta ta cika ta koma sifiri sau uku. Shekara biyu muka yi a rumfar nan. Muka faɗaɗa ramukan fistin, muka goge kan injin da hannu har yatsunmu suka yi jini, muka cire kafireto guda muka ɗora biyu. Wannan gurnanin da Baffa yake so ya ji, daga nan yake fitowa. Babu wata mota a Biƙa mai irin muryarta, kuma ba alfahari nake yi ba.

Ga aikinki. Ki cire batir ki ba a yi masa caji. Ki zubar da fetur ɗin da ke tanki kaf, ya lalace. Ki zubar da baƙin mai, ki sa sabo. Ki kwance fulogi huɗu, ki zuba cokali guda na mai a kowane rami, ki bar shi kwana uku. Sannan ki sa babbar sifana a notin da ke gaban injin, ki juya a hankali ta hannun dama. In ya juya, alhamdu lillahi. In ya ƙi, kada ki yi masa dole, na san halinki.

Kayan aikin suna cikin akwatin harsashi kore. Kowane noti kika cire, ki sa shi a kofi, ki rubuta inda ya fito.

Abu ɗaya: kada ki tayar da ita. Injin da ya shekara a kwance, tashin farko yana son kunnen wanda ya san shi. Na nemi hutu, ƙarshen Oktoba ina gida in Allah ya yarda. Ki gaya wa Baffa ni zan murɗa makullin a gabansa.

Yayanki,
Talal

Ain Lauz
28 ga Agusta, 1994

Yaya Talal,

Muna gaishe ka. Baba ya ɗan ji daɗin jikinsa, ni kuma farcena biyu sun karye, ka gode wa Allah ba ka kusa.

Ya juya! Wallahi ya juya. Da farko ya cije, na tuna ka ce kada in yi dole, sai na ɗan yi dole kaɗan. Da ya saki, sai na ji yana numfashi ta ramukan fulogi, fuu, fuu. Baba yana zaune a bakin rumfa, don yanzu kullum da hantsi sai na kai masa kujerarsa can. Ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Tana da rai." Ranar ya cinye kwanon miyarsa tas.

Ya zama shugaban aiki, ka ji. Ba ya gani, amma in sifana ta faɗi sai ya ce, "Mai lamba goma sha uku ce, tana ƙarƙashin taya." Kuma ita ce. Umm Fu'ad maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta gan ni kwance a ƙarƙashin mota da rigar aikin Adib, ta ce, "Oh ni! Malama guda? Wa zai aure ki da wannan baƙin hannu?" Baba ya ce, "Wanda motarsa ta lalace." Rabona da jin dariyarsa tun kafin rasuwar.

A aljihun rigar na sami takardar da Adib ya rubuta abubuwan da zai saya wa motar. Na zauna a ƙasa na yi kuka na ƙoshi, a hankali don kada Baba ya ji. Ya ji.

Yanzu matsalar: tiyo biyun da suka shiga lagireto sun bushe sun tsattsage, ruwan ciki duk ya tsiyaye tuni. Me zan yi?

Nuhad

Dammam
16 ga Satumba, 1994

Ƙanwata makanikiya,

Lafiya lau nake, sai aiki. Labarin miyar Baffa ya fi mini komai daɗi.

Ga tiyo biyu sababbi na ba Abu Shauƙi, ki duba kada ya ce su ma ya ɗanɗana. Ki ɗaura su, ki matse zoben da kyau. Sannan ki cika lagireto da ruwan famfo zalla. Kada ki zuba koren ruwan nan tukuna. Ina so mu tabbata babu inda yake yoyo, don motar da ta daɗe a tsaye takan ɓoye ciwo. Ki bar ruwan a ciki, ki duba shi duk Juma'a ki ga ko ya ragu. Idan na zo zan zubar in sa koren da hannuna.

Na san hannunki yana ƙaiƙayi. Ki yi haƙuri, saura mako shida. Kafireto biyun nan sai an daidaita su da kunne, in ba haka ba tari za ta yi wa Baffa maimakon gurnani. Kada ki tayar da ita sai na zo.

Talal

Ain Lauz
13 ga Nuwamba, 1994

Yaya Talal,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka.

Oktoba ta wuce. Na wanke ɗakin Adib, na shimfiɗa maka gado, na ɗaga bargon hunturu na shanya. Mako biyu Baba yana sa a aske masa gemu duk safiya, wai kada ka same shi kamar mahaukaci. Kowace mota ta hawo tudu sai ya ɗaga kai. Yanzu ya daina tambaya, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Jikinsa ya koma baya. Tari ya kama shi, likita ya ce zuciyar ta gaji. Sanyi ya fara, ba na iya fitar da shi rumfa sai rana ta take sosai.

Ruwanka yana nan yadda na zuba shi, ko ɗigo bai ragu ba. Duk Juma'a nake dubawa kamar yadda ka ce. Batir a cike, fetur sabo, fulogi na goge su suna ƙyalli. Jiya na zauna a kujerar direba da makulli a hannuna har aka kira la'asar. Ban murɗa ba, don ka ce kada in yi, kuma ina tsoron in ɓata abin da kuka shekara biyu kuna haɗawa.

In ba za ka zo ba, ka faɗa. In kuma zan iya tayarwa da kaina, ka rubuto kalma ɗaya. An gama kwasar tuffa, Abu Shauƙi ya ce daga wannan tafiyar ba lallai ya dawo da wuri ba.

Nuhad

Dammam
4 ga Disamba, 1994

Nuhad,

Ki ajiye duk abin da kike yi ki je rumfa YANZU. Ki kwance tiyon ƙasa na lagireto, ki kwance notin da ke gefen injin ta bayan bututun hayaƙi, ki zubar da ruwan nan kaf, kada ki bar ko cokali. Sannan ki dawo ki karanta sauran.

Yau a wurin cin abinci na ga dusar ƙanƙara a kan duwatsunmu a talabijin, cokali ya faɗi daga hannuna. Ruwa zalla na sa kika zuba! Shekara tara ina garin da ko a hunturu fanka take juyawa, wallahi na manta ruwa yana daskarewa. Ni da aka haifa a Ain Lauz! Yaron goye a ƙauyenmu ya san ba a barin ruwa zalla a inji bayan Nuwamba.

Fasfona yana hannun mai kamfani, ya ce ba mai fita sai an gama aikin da muka karɓa. Kunya ta hana ni rubuto miki, kullum ina cewa mako mai zuwa. Na buga waya wani kanti a Jib Jannin sau shida don a aiko miki saƙo, layin ba ya shiga. Abu Shauƙi yana jiran lodi, ban san ranar tashinsa ba. Ina roƙon Allah takardar nan ta riga sanyi isowa.

Yaya jikin Baffa?

Talal

Ain Lauz
27 ga Disamba, 1994

Yaya Talal,

Muna nan da rai. Baba yana kwance, ba ya tashi sai an ɗaga shi.

Wasiƙarka ta iso ranar ashirin da uku. Sanyin ya zo ranar goma sha huɗu.

Da safe na fita ɗebo man murhu, na ga bokitin tsakar gida ya zama dutse. Ko a lokacin ban kawo komai a raina ba. Sai ranar Juma'a da na ɗaga bonet in duba ruwanka, na ga murfin lagireto ya kumbura, ƙanƙara ta leƙo ta gefensa. Na haska tocila a gefen injin. Tsaga ce, Yaya Talal, daga ƙarƙashin bututun hayaƙi har kusan ƙasa, tsawon tafin hannuna da rabi. Da rana ta yi zafi sai ruwa ya fara fita ta wurin, ja da tsatsa, yana ɗiga a kan siminti.

Ban san abin da na gani ba sai da takardarka ta zo. Na karanta layin farko a tsaye a ƙofar gida, na ruga rumfa kamar wata sakarya, na kwance notin da ka ce. Babu abin da ya fito. Ya riga ya zube da kansa.

Kada ka ce laifinka ne kai kaɗai. Ni ma a nan aka haife ni. Kowace shekara ina ganin Adib da galan ɗin koren ruwan nan idan an gama tuffa, ban taɓa tambayarsa na mene ne ba, ashe shi ke hana ruwa daskarewa. Ka ce in bar ruwa a ciki, na bari, har ina yi maka alfahari bai ragu ba.

Ban gaya wa Baba ba. In ya tambaya sai in ce muna jiran Talal. Ka gaya mini gaskiya, ba lallashi ba: ta mutu ne?

Nuhad

Dammam
15 ga Janairu, 1995

Ƙanwata Nuhad,

Na karanta. Kwana biyu ban je aiki ba. Allah ya ba Baffa lafiya, ke kuma ya saka miki.

Kin nemi gaskiya. Gangar injin, wato ƙarfen da fistin ke kai-komo a cikinsa, ta gama. Ba za ta ƙara riƙe ruwa ba, walda kuma ba ta kama irin wannan tsagar. Amma kan injin da muka goge, da kafireto biyun, da fistin, duk lafiyarsu lau. Na sami wata ganga a wurin 'yan gwangwan a nan, na saya. Idan na zo a watan Maris zan kwashe kayan Adib in ɗora a kanta. Muryar za ta dawo kusan yadda take.

Don haka ki ji da kyau. Ko a haka, in kika murɗa makulli za ta tashi, don tsagar ta waje ce. Amma ba ruwa. Minti uku ko huɗu za ta jure. In ta wuce haka kan injin zai lanƙwashe, fistin su kumbura su cije, duk aikin hannun Adib ya ƙone, babu abin da zai saura da za a ɗora a ko'ina. Ina roƙonki ki jira Maris.

Akwai abin da ya fi ruwan nan nauyi a kaina, kuma gara ki ji daga bakina. Tun ranar da kika ɗaura tiyo a watan Satumba, babu abin da ya hana a tayar da Zarƙa. Maganar daidaita kafireto da kunne, ƙarya ce rabi. Adib ya bar su a daidaice, za ta tashi lafiya lau. Ni ne nake so a ce ina wurin. Ban ga gawarsa ba, ban ɗauki makararsa ba, sai na ƙudura a raina cewa wannan ɗayan ba zai wuce ni ba. Na hana tsoho makaho abin da ya roƙa don in sami abin da nake so. Da kika ce in rubuto kalma ɗaya, wasiƙar ta kwana goma a aljihuna.

Ban san ko za ki iya yafe mini ba.

Talal

Ain Lauz
24 ga Fabrairu, 1995

Yaya Talal,

Ina gaishe ka da azumi. Baba ya rasu ranar Litinin, ashirin ga wata, bayan azahar. An binne shi kusa da Adib. Bai sha wahala ba a ƙarshe, Allah ya ji ƙansa.

Wasiƙarka ta same ni a farkon azumi. Na karanta ta sau ɗaya na jefa a murhu, sannan na yi da-na-sani, don ina so in sake karantawa in ƙara jin haushinka.

Kwana shida kafin rasuwar, da hantsi, ina gyara masa matashi sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ta fashe, ko?" Na ce wa? Ya ce, "Kada ki mai da ni yaro. Kwana uku ina jin ruwa yana ɗiga a rumfa, kuma ba a yi ruwan sama ba. Na shekara talatin ina tuƙa tarakta." Sai na gaya masa komai, har da gangar da ka saya, da watan Maris, da minti huɗun.

Ya ce, "Maris. Ki dube ni da kyau, Nuhad, ke da kike da ido. Na yi miki kama da mai kai wa Maris?"

Na ce, "Baba, in na tayar da ita a haka za ta iya mutuwa."

Ya ce, "To ni fa?"

Na kira mijin Umm Fu'ad, muka naɗe shi a bargo biyu, muka ɗauke shi kamar jariri muka sa shi a kujerar gaba. Bai kai nauyin buhun dankali ba. Na zauna a wurin direba. Na taka totur sau biyu yadda na sha ganin Adib yana yi, na yi bisimilla, na murɗa. Ta yi tari. Na sake. A karo na uku ta kama.

Kai, Yaya Talal! Rumfar nan har kwanon rufinta ya ɗauki rawa. Tattabarun Umm Fu'ad suka watse. Mutane suka fito ƙofar gidajensu, har daga kwanar masallaci, wata tsohuwa tana salati da ƙarfi. Ba ta yi tari ba ko sau ɗaya bayan nan. Gurnani take yi, mai kauri, yana shiga ƙirjin mutum.

Baba ya ɗora tafinsa a gaban motar, ya rufe idanun da ba sa gani. Ya ce, "Taka." Na taka. Ya ce, "Haba, haka yake takawa? Taka!" Na taka har allurar mitar inji ta haura. Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Ɗan banza, za ka tashi unguwa. Ɗan banza."

Ina kallon agogon hannuna. Da minti huɗu suka cika na kai hannu ga makulli. Ya damƙe wuyan hannuna, ban san inda ya sami ƙarfin ba. Ya ce, "Bar ta." Na ce, "Baba, aikin Adib ne zai ƙone." Ya ce, "Na sani. Ɗana ne. Bar ta ta gama."

Na bar ta. Ina iya fizge hannuna, ban fizge ba, don haka kada ka ɗora wa tsoho. Wari ya fara tashi, na fenti da mai mai ƙuna. Hayaƙi ya fito ta gefen bonet. Muryar ta soma shaƙewa, wani ƙarfe yana bugawa a ciki, ƙwas, ƙwas, tana ja da ƙyar, ina kuka ina riƙe da totur. Sannan ta yi wata girgiza ta tsaya cak. Muka zauna, ba abin da ake ji sai ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa.

Can ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya ishe ni. Ku mai da ni ciki, ƙafata ta yi sanyi."

Jiya na sa babbar sifana a notin gaba, na hau kanta da ƙafa biyu. Ko motsi. Gangar da ka saya ka mayar wa masu ita, babu abin da za a ɗora mata.

Ka tambaya ko zan iya yafe maka. Ban sani ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙarya a cikin azumi ba. Abin da na sani shi ne, da na murɗa makullin nan a watan Satumba, da Baba ya wata biyar yana jin ta duk safiya, da na zagaya da shi gonar tuffa kafin a gama kwasa. Minti goma sha huɗu ya samu. Shi ya ce sun ishe shi. Ni ba su ishe ni ba.

Nuhad